Gwaninmu Ba Gwani Ba Ne, Ranka Ya Daɗe

Ranar Talata na saka kwat ɗina na zuwa jana'iza, na goge takalmi, na hau motar maƙwabcinmu Cosmos zuwa babban birni domin in yi wa hukuma ƙarya. Kada ku yi mini wannan kallon, jama'a. Mu goma sha huɗu ne a motar, kowa da tasa ƙaryar a aljihu, har da mai wa'azin cocinmu.

Ba mu kai gadar kogi ba mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Mai ya ƙare. Cosmos ya wuni a layin gidan mai ranar Litinin, da aka zo kansa sai aka ce masa ragowar na motocin manya ne, gobe suna da muhimmin zama. Zaman da za mu ke nan. Haka muka tuɓe kwat muka hau turi a hawan dutse, gumi har cikin safa, sai ga motocin manyan nan bakwai sun taho da jiniya suna korar mu gefen kwata. Na ɗaga musu hannu cikin ladabi. Ai da kunya a ce man da muka sadaukar ya wuce ba mu gaishe shi ba.

Mutum ɗaya ne bai sauko turi ba, Mista Leopold Quashie. Yana zaune a gaba, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, ya sha mur. Shekarunsa saba'in da tara, kuma dominsa muke wannan wahalar.

Bari in koma baya saboda masu karanta wannan shafi a arewacin tsibiri, inda jarida ke isa bayan an riga an naɗe kifi da ita.

A ƙasar nan akwai gardama ɗaya da ta fi auren wasunmu daɗewa: wane ne gwanin bugu da tsibirin nan ya taɓa haifa a kurket, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doke ta da katako? Mu a Anse Piment mun ce Mista Quashie, ba ma sai an tambaye mu ba. Mutanen Belle Roche, ƙauyen da ke bayan dutse, sun ce Mista Harilal Sookdeo. Dukansu sun buga wa ƙasa, sun haye teku sun dawo da kofi. Wanda ya ga Quashie riƙe da katako a zamaninsa ba ya bukatar alƙalami da takarda. Mutumin nan ba dukan ƙwallo yake ba, sallamarta yake, ta tafi ba gardama. Amma a takarda Sookdeo ne a gaba da ɗan kaɗan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin daga yini ɗaya ya fito: wasan ƙarshe na kofin tsibiri, shekara arba'in da takwas da suka wuce, ƙauyenmu da nasu, inda ya zuba mana maki ɗari biyu da goma sha ɗaya.

To, ga inda rigimar take. Mista Quashie ya rantse cewa tun Sookdeo yana da maki goma sha biyu ƙwallo ta shafi gefen katakonsa, mai tsaron baya ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Kowa ya san a kurket wannan fita ce, bugunsa ya ƙare ke nan. Kowa kuma ya san al'adar wasan: in ka ji ta taɓa, ka saɓa katakonka ka bar fili, ba sai alƙali ya ɗaga maka yatsa ba. Sookdeo bai motsa ba. Alƙali bai ji komai ba, wai a lokacin hankalinsa na wajen mai sayar da gyaɗa. Quashie kuwa yana tsaye dab da mai tsaron baya, ya ce da kunnensa ya ji ƙas. Ya faɗi wannan a wajen biki, ya faɗa a wajen makoki, ya faɗa wa likitan da ya yi masa aikin ido yana tsakiyar aikin. Sookdeo bai taɓa tanka masa ba, murmushi kawai yake.

Muna nan da gardamarmu lafiya lau, ba ta hana kowa cin abinci, sai bara manyanmu suka duba ƙasa. Suka ga tituna sun gyaru sumul, famfo na zuba a kowane gida, magani ya cika asibiti har ana rasa wajen ajiya. Suka ce to, saura matsala ɗaya tak ta hana talaka barci, wato gwanin bugu. Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ya yanke ƙyallen buɗe gada ɗaya sau uku kuma har yau gadar ba ta da gefe, ya kafa Kwamitin Tantance Gwanin Gwanaye. Mutum goma sha tara. Aka ɗora musu Mai Alfarma Uban Kwamiti, bawan Allahn da abokan karatunsa suka ce duk ranar wasanni da wasiƙar mahaifiyarsa yake zuwa, wai rana na sa masa jiri. Kafin su tambayi kowa komai sai da suka zaga ƙasashe uku domin su ga yadda ake tsayar da mutum-mutumi. An ce sun gano cewa a tsaye ake tsayar da shi.

Mu kuwa murna har kunne. Da suka zo ziyara ƙauyenmu, muka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, muka ɗaure awaki. Tanti Eudora, wadda ta shekara talatin tana soya kifi a gindin bishiyar bakin fili, ta cika musu tebur da kifi da gurasar roti da ruwan kwakwa. Suka ci suka yi nak. Babu wanda ya nemi ganin Mista Quashie, ga shi kuwa zaune cikin tsohuwar rigarsa ta ƙasa tun da safe. Sai dai wasu mutum biyu suka fito da igiyar awo suna auna filin, tsawo da faɗi. Cosmos ya ce ai bugun nan da Quashie ya taɓa yi har kan rufin coci suke aunawa. Shi ya riƙe musu bakin igiyar, yana washe baki.

Mako biyu da suka wuce, da hantsi, muna buga domino a gindin bishiya, sai ga Tanti Eudora ta taho ko ludayi ba ta ajiye ba. Surukarta ce ke share ofishin kwamiti, ta tsinto wata takarda a kwandon shara. Tanti ta share dominon da hannu ɗaya ta shimfiɗa takardar.

"Aldwyn, kai ne mai ilimin jarida. Karanta wa waɗannan shashashun."

Na duba. Zane ne mai kyau, har da launi. Ga mutum-mutumi a tsakiya, ga maɓulɓular ruwa, ga ɗakin hutun manyan baƙi, ga wurin ajiye motoci sittin, duk an malale da siminti an kewaye da shinge. A ƙasa an rubuta cewa za a gina shi a filin wasan ƙauyen da gwaninsa ya yi nasara.

Cosmos ya ce, "Kai, mun haye! Motoci sittin!"

Tanti ta ce, "Motoci nawa ne a garin nan, sarkin wayo?"

"Huɗu."

"Nawa ke tafiya?"

"To, biyu suna kan duwatsu, amma..."

"Maɓulɓular ruwa kuma! Famfona tun Ista ko tari bai yi ba. Ku buɗe idonku, filin za su cinye. A ina za ku buga wasan Lahadi, a kan kaina?"

Duk wanda ya san Anse Piment ya san ba mu da wani shimfiɗaɗɗen wuri sai wannan. Dutse ta baya, teku ta gaba. A nan 'ya'yanmu ke koyon riƙe katako da reshen kwakwa, a nan masunta ke baza koma su ɗinke, a nan mata ke shanya ƙwayar koko, a nan ake kafa rumfa in an yi mutuwa. A nan shi kansa Quashie ya zama Quashie. Nan na tuna takardar goyon baya da muka aika, mai ɗauke da sa hannun mutum ɗari shida, kuma ni na rubuta ta da Turancina mafi tsada.

Shawara ta tsaya a kan abu ɗaya: ranar zaman jin bahasi, mu je mu shaida cewa gwaninmu ba gwani ba ne. A ba Belle Roche kambin, su ji da siminti. Na san ba halin maƙwabtaka ba ne, amma su ma ai ba su taɓa dawo mana da injin yanke ciyawarmu ba.

Saura wanda zai gaya wa Mista Quashie. Aka dube ni.

Na same shi a barandarsa yana shafa wa tsohon katakonsa mai. Na kwashe labari na gaya masa, na shimfiɗa zanen a cinyarsa. Ya daɗe yana kallo da idonsa mai lafiya.

"Wannan tsayayyen ni ne?"

"Kai ne, Mista Quashie, in mun yi sake."

"Sun ba ni tumbi."

"Ba tumbin ne damuwar ba. Filin ne."

Ya juya yana kallon filin daga barandar. Awakin Cosmos na ta aikinsu na yanke ciyawa. Ya ce, "Yanzu so kuke in tsaya gaban jama'a in ce ɗan Belle Roche ɗin nan, wanda ya ji ƙas ya ƙi fita, ya fi ni?"

"Kalma huɗu ce kawai. Sookdeo ya fi ni."

"Aldwyn, na san ubanka. Mutumin kirki ne. Ban san inda aka samo ka ba."

Na tashi zan tafi, sai ya kira ni. Ya ce, "Gobe ka dawo mu gwada. Amma ka zo da wani abu mai ɗaci in kora."

Kwana biyar muna atisaye. Ranar farko ya ce, "Sookdeo ya..." sai tari ya sarƙe shi. Rana ta biyu ya kai har "Sookdeo ya fi ni," muka fara tafi, sai ya ƙarasa da "tsawo." Tanti Eudora ta ce in ya sake haka ranar Talata, ko ƙashin kifi ba zai ƙara gani daga kaskonta ba. A rana ta biyar ya faɗe ta cif, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

To, mu koma kan turin mota. Mun isa zauren taro a makare, muna warin gumi. Muna shiga sai na hangi mutanen Belle Roche a ɗaya gefen, su ma cikin kwat na jana'iza, su ma sharkaf, wandunansu duk ƙurar hanya. Tasu motar a wajen kasuwa ta mutu. Na dubi wani mai gyaran takalmi a cikinsu, ya dube ni, ya kau da kai. Nan na gane ashe ba mu kaɗai ke da suruka mai shara ba.

Jama'a, ban taɓa ganin zama irin wannan ba. Mutanen da suka shekara arba'in da takwas suna fasa wa juna baki a kan gwanayensu, yau kowa na tura wa ɗan'uwansa kambi da hannu biyu. Na tashi na ce duk bugun Quashie sa'a ce, iska ke taimakonsa. Wani ɗan Belle Roche ya tashi ya ce ai Sookdeo tausayinsa masu jefo ƙwallo ke ji saboda ramarsa. Tanti Eudora ta ce ita da idonta ta ga Quashie ya kai wa ƙwallo duka ya sami ƙafarsa. Mai wa'azinmu ya ce shi ba zai iya ƙarya ba, amma zai iya cewa akwai ranakun da Ubangiji bai kasance tare da katakon ɗan'uwa Leopold ba. Wata tsohuwa daga can ta miƙe ta ce, "Quashie! Ai ko mijina marigayi, in ya ji sunan nan sai ya cire hula." Cosmos ya yi mata ihu, "Ƙarya kike, Tanti, mijinki bai taɓa mallakar hula ba!"

Mai Alfarma Uban Kwamiti yana can sama tsakanin kwalaben ruwan sanyi, yana gyaɗa kai. Sau ɗaya ya yi tambaya, wai a cikin mutanen biyu wa ya fi cin ƙwallo a raga, sai ka ce ƙwallon ƙafa ake magana. Magatakarda ya raɗa masa wani abu a kunne, ya ce a share tambayar.

Aka kira Mista Quashie. Ya tashi a hankali, ya ƙi karɓar hannun kowa, ya je gaba ya tsaya ƙyam. Ya dubi bango, ba mutane ba.

"Ranka ya daɗe, Sookdeo ya fi ni. A ba shi."

Ya dawo ya zauna. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, don na san abin da kalmomin nan suka ci masa. Tanti Eudora ta matse masa kafaɗa. Na ga magatakarda yana rubutu da sauri, na ga fuskokin mutanen Belle Roche sun faɗa. Na ce a raina shi ke nan, fili ya tsira.

Sai aka kira Mista Harilal Sookdeo. Ɗan siririn tsoho, farar riga, hular malafa a hannu, murya kamar mai ba jika labari.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da dogon bayani. Duk fifikon da takarda ta ba ni daga wasa ɗaya ya fito, na ɗari biyu da goma sha ɗaya. To, yau zan sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ran nan, ina da maki goma sha biyu, ƙwallo ta shafi katakona. Na ji ta har cikin gwiwar hannuna. Aka cafe. Na san na fita, na ƙi fita."

Na juya da sauri in danne Mista Quashie, amma ina! Tsohon da sai an tallafe shi yake hawa mota ya riga ya miƙe, sanda a sama.

"Na faɗa muku! Shekara arba'in da takwas ina faɗa! Ƙas! Da kunnena na ji! Magatakarda, rubuta! Goma sha biyu ne makinsa, ba ɗari biyu da sha ɗaya ba! Cire sauran ka sake lissafi, ka ga wane ne gwanin ƙasar nan in ba Leopold Quashie ba!"

Tanti na jan rigarsa ta baya, Cosmos na cewa, "Mista Quashie, fili! Fili!" Ko a jikinsa. Har ya fara nuna wa kwamiti da sandarsa yadda ƙwallon ta bi. Sai can ya lura da cewa ɓangarenmu ya yi tsit, ɓangaren Belle Roche kuwa tafi suke kamar hannu zai tsage. Ya sauke sandar a hankali.

Mai Alfarma Uban Kwamiti ya farfaɗo, ya ce ya ji daɗi ƙwarai da ɓangarorin biyu suka haɗu a kan magana ɗaya, wannan shi ne haɗin kan da Mai Girma ke kira a kai kullum. Ya buga guduma. Aka wuce cin abinci, su kaɗai.

A bakin ƙofa na tare Mista Sookdeo yana gyara zaman malafarsa. Na ce, "Mista Sookdeo, tsakaninka da Allah, ta taɓa?"

Ya dube ni da murmushin nan nasa. Ya ce, "Ɗana, ni ko abin da na karya da shi yau ba na tunawa, balle ƙwallon shekara arba'in da takwas. Amma na san Leopold."

Muka kama hanyar dawowa. Sau biyu muka sauka turi, a na biyun Mista Quashie ya sauko ya sa kafaɗarsa a jikin motar. Ba mu hana shi ba. Haushinsa nake ji har wuya, ba zan ɓoye muku ba.

Dole a yaba wa hukuma inda ta cancanta. Mu da muka shekara shida muna jiran a sauya mana kwan fitilar bakin asibiti, jiya Juma'a da safe sai ga babbar mota ta kawo allo, fentinsa ko bushewa bai gama ba. Ma'aikata huɗu suka haƙa rami a tsakiyar fili, daidai inda mai bugu ke tsayawa, suka kafa shi, wasu shida suna kula da su.

Yau da rana na tarar da Mista Quashie tsaye a gabansa shi kaɗai, ya ƙanƙance ido.

"Aldwyn, idon nan ba ya kai wa. Karanta mini."

Na karanta masa na sama: Dandalin Leopold Quashie, Gwanin Gwanayen Ƙasa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Bakinsa ya ɗan motsa, ya gyara tsayuwa.

"Jan rubutun da ke ƙasa fa?"

Na so in ce ban zo da tabarau ba, amma suna kan hancina. Na ce, "An haramta wasan ƙwallo kowane iri a wannan wuri."

Ya dubi bishiya, ya dubi rufin coci, ya dubi ciyawar da ke ƙarƙashin takalminsa. Ya ce, "To gobe Lahadi a ina za a buga?" Duk haushin da na kwaso tun Talata ya zube, tausayinsa ya kama ni, na riƙe hannunsa na raka shi gida.

In Mai Girma Sarkin Almakashi na karanta wannan shafi, mun gode, Allah ya ƙara wa almakashi kaifi. Sai dai na ji ƙishin-ƙishin wai za a kafa sabon kwamiti na zaɓen gwanin masunta na ƙasa. Don Allah a rubuta tun yanzu: mu a Anse Piment ba mu iya kamun kifi ba, ba mu taɓa iyawa ba, tekun nan ma wucewa kawai take yi ta gabanmu.